Yaya sauran duniya ke kallon wasannin da Amurkawa ke ji da su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Arsenal ne tun ina firamare, kuma ba na wasa da kallon ƙwallo. Kwanakin baya na ga ana ta cika baki da Super Bowl a Facebook, wai mutum sama da miliyan 100 ne suka kalla. Na sayi data na nemo shi, wallahi ban gane komai ba. Daga an yi karo sai a tsaya, daga an tsaya sai talla. Shin waɗannan wasanni na Amurka, yaya mutanen wasu ƙasashe suke ganinsu? Mu ne kawai ba mu waye da su ba, ko haka abin yake ko'ina?" Wani mai karatu daga Funtuwa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan, domin na daɗe ina koya wa yara ƙwallon kwando, ina kuma sharhin wasanni, kuma da wuya a yi wata ba a yi min irinta ba. In na fahimce ka, so kake ka san ko rashin gane Super Bowl ciwonmu ne mu kaɗai, ko kuwa Baturen Ingila da Bajamushe da mutumin Jafan su ma sosa ƙeya suke yi in sun gani. To, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba rashin wayewa ba ne. Sai dai kada ka ɗaure wasannin Amurka duka a dami ɗaya. Akwai wanda ya fita duniya har ya kusa fin ƙarfin masu shi, akwai wanda ya sauka a 'yan ƙasashe kaɗan amma ya yi saiwa mai zurfi, akwai kuma wanda har gobe kallon biki ake yi masa a waje.

Manyan wasannin da ke ci a Amurka huɗu ne: ƙwallonsu ta karo da hukumar NFL ke gudanarwa, ƙwallon kwando ta NBA, besbol na MLB, wato wasan bugun ƙwallo da gora, sai hoki na kan ƙanƙara na NHL. Na ƙarshen zan ajiye shi gefe, don asalinsa na Kanada ne, kuma iyakarsa ƙasashen sanyi irin su Rasha da Suwidin da Finlan. Wanda bai taɓa ganin tafki ya daskare ba, me ya haɗa shi da shi? Lissafin da ka gani a Facebook kuwa gaskiya ne, a 2024 da 2025 masu kallon Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, sun haura miliyan 120. Amma a cikin Amurka aka ƙirga su. Ka ajiye wannan kusa da wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022 tsakanin Ajantina da Faransa, wanda FIFA ta ce kusan mutum biliyan ɗaya da rabi suka kalla, sai ka ga cewa Super Bowl gagarumin biki ne, amma bikin gida ɗaya.

Idon da ya saba da ƙwallon ƙafa

Yawancin mutanen duniya da ƙwallon ƙafa suka buɗe ido, kuma da wannan mudun suke auna kowane wasa. Mun saba minti 45 ana gudu ba tsayawa, a huta, a ƙara 45, shi ke nan a watse. Wasan NFL a agogo minti 60 ne, amma sai ya ci sa'a uku da wani abu. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta zauna ta auna, ta samu cewa lokacin da ƙwallo take motsi a fili bai wuce kamar minti 11 ba. Sauran duka shawara ce, da canjin 'yan wasa, da maimaita bidiyo, da talla. Don haka abin da ya gundure ka shi ne ainihin abin da ke gundurar mutumin Madrid da na Alƙahira.

Amma bari in yi wa wasan adalci. Ka taɓa tsayawa kan dattawa suna dara a bakin kasuwa? In ba ka san dokarta ba, abin da za ka gani kawai mutane sun sunkuya suna tura tsinke daga rami zuwa rami, sai can ka ji an yi shewa ba ka san dalili ba. Haka wasan NFL yake. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo an ba ta dama huɗu ta ci yadi goma gaba. In ta ci, a sabunta mata wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Tsayawar nan da ka gani, a cikinta koci yake raɗa wa jagoran 'yan gaba dabarar da za a yi ta wata na'ura da ke cikin hular kwanonsa, su kuma masu tsaro suna ƙoƙarin karanta abin da ake shiryawa. Ba'amurke ya tashi da wannan tun yana makaranta, shi tsayawar ce ma take sa gabansa faɗuwa. Mu kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya bayyana mana.

Masu kallon zari-ruga a Ingila da Afirka ta Kudu da Ostireliya nasu ƙorafin daban ne. Cewa suke, mu muna karo da tsurar jiki, ku kun sa sulke da hular kwano. Wannan raini ba ya kan hanya, domin sulken ne ma yake ba ɗan wasa ƙarfin halin kai karo da ka iya ƙarfinsa. Wanda ya fara nuna wa duniya ɓarnar da hakan ke yi wa ƙwaƙwalwa likita ne ɗan Najeriya, Dakta Bennet Omalu, wanda ya binciki gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002, ya kuma wallafa sakamakon a 2005. Tun daga nan iyaye da yawa, a Amurka da wajenta, suka fara ɗari-ɗari da barin 'ya'yansu su shiga wasan.

Sannan ga sunan kansa. Wasan da kusan duka da hannu ake yinsa, su suka sa masa sunan ƙwallon ƙafa, namu kuma suka kira shi soka. Wannan ƙaramin abu ne, amma ya daɗe yana sosa wa Turawa rai.

Kulob na gari ne, ko na mai kuɗi?

A ganina nan ne babban saɓanin yake, ya fi maganar talla da tsayawa nauyi. Kai da kake ɗan Arsenal ka san abin da ake nufi da ƙarshen kaka a Firimiya: na sama suna kokawar kofi, na tsakiya suna neman gurbin Zakarun Turai, na ƙasa suna kuka don kada su faɗa rukuni na biyu. A Amurka babu faɗuwa. Ƙungiyoyin NFL 32 ne, na NBA 30, na MLB 30, kuma ko ƙungiya ta sha kashi daga farkon kaka har ƙarshe, baɗi tana nan daram. Ba ma wannan ba, ƙungiyoyin da suka fi lalacewa su ake ba damar fara zaɓen gwanayen matasan da ke shigowa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga magoya baya suna fatan ƙungiyarsu ta yi ta faɗuwa don ta samu zaɓi na farko. Ka gaya wa ɗan Newcastle ko ɗan Kano Pillars ya yi addu'ar a ci ƙungiyarsa, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Abin da ya fi wannan ɗaure wa baƙo kai shi ne ƙaura. A can mai ƙungiya yana iya kwashe ta ɗungurungum ya kai wani gari in ya ga can ya fi riba. Dodgers na besbol sun bar Brooklyn zuwa Los Angeles a 1958. SuperSonics na NBA sun bar Seattle a 2008 suka koma Oklahoma, har da canza suna. Raiders na NFL sun bar Oakland zuwa Las Vegas a 2020. Shi kansa mai Arsenal ɗinku, Stan Kroenke, ya ɗauke ƙungiyarsa ta NFL, Rams, daga St. Louis ya mayar da ita Los Angeles a 2016. Ka ƙaddara a wayi gari a ce an kwashe Pillars daga Kano an kai ta Fatakwal. A Turai da Kudancin Amurka da nan gida, kulob gadon gari ne, uba yake miƙa wa ɗa. Mai kuɗi riƙon ƙwarya yake yi.

Ka tuna Afrilun 2021, da manyan kulob-kulob 12 suka sanar da wata sabuwar gasa ta Turai wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba? Cikin masu faɗa a ji a tafiyar har da Amurkawan da suka mallaki Manchester United da Liverpool da Arsenal. Iyalan Glazer masu Manchester United su ke da Tampa Bay Buccaneers ta NFL, masu Liverpool su ke da Boston Red Sox ta besbol. Magoya baya a Ingila suka fito titi, kafin kwana uku abin ya wargaje. Wannan ita ce amsa mafi ƙarfi da 'yan kallon wata ƙasa suka taɓa ba tsarin wasannin Amurka, kuma ba su buƙaci kallon wasan NFL ko ɗaya ba kafin su ba da ita.

Duk da haka ba zan ce tsarin nasu ba shi da abin koyi ba. NFL da NBA sun sa iyaka kan abin da ƙungiya za ta kashe a albashi, kuma ana raba kuɗin talabijin. Sakamakon haka, daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofin NBA, babu wadda ta maimaita. A Jamus kuwa Bayern Munich ta ɗauki Bundesliga sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023. Green Bay, garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, yana da ƙungiyar NFL da jama'a suka mallaka, kuma tana karawa da na New York kafaɗa da kafaɗa. Akwai 'yan kallon Turai masu tunani da ke kallon wannan da sha'awa, ko da ba sa son faɗa a fili.

Wani abin da ke ba mutane haushi shi ne kiran zakaran NBA ko na besbol "zakaran duniya". Gasar ƙarshe ta besbol tun 1903 sunanta World Series, alhali ƙungiya ɗaya ce tak daga wajen Amurka ta taɓa cin ta, Toronto Blue Jays, a 1992 da 1993. Har Ba'amurke ɗan tsere Noah Lyles, bayan ya ci zinare a Budapest a 2023, ya fito ya tambaya: zakaran wace duniya, Amurka? Taurarin NBA suka yi masa ca, amma a wajen Amurka mutane da yawa suka ce ya fasa ƙwai.

Ƙwallon kwando: wanda ya fita ya zama na kowa

A nan zan daɗe, don fagena ne. Wasan nan wani malami ɗan Kanada, James Naismith, ya ƙirƙiro shi a Disambar 1891 a garin Springfield, da kwandunan 'ya'yan itace guda biyu da aka kafe a jikin barandar ɗakin motsa jiki. Ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA ta yaɗa shi cikin sauri, kafin 1900 ya isa Sin. Hukumar duniya ta wasan, FIBA, a Janeba aka kafa ta a 1932, kuma cikin ƙasashe takwas da suka kafa ta babu Amurka. Ka lura da wannan da kyau. Tun da wuri duniya ta karɓi wasan ta tsara shi da hannunta, ba ta jira NBA ba.

Dalilin yaɗuwarsa a fili yake ga duk wanda ya taɓa koyar da shi. Filin da na fara horar da yara a kai, siminti ne da ya tsattsage. Zoben ƙarfe mai walda na unguwa ya lanƙwasa mana shi da rodi, allon kuma katako ne da muka shafa wa farin fenti. Raga ba ma maganarta. Yara suna zuwa da silifas, wani ya cire ya ajiye gefe ya yi wasa da tsurar ƙafa, in ƙwallo ta sace a kai wa mai faci. Da wannan kaɗai yaro zai yini yana jifa shi ɗaya, in an samu biyu a yi ɗaya da ɗaya, in an samu shida a yi uku da uku. Duk wasan da talaka zai iya yi a bayan gida, shi ne yake tafiya. Haka ake yi a lungunan Manila, inda Amurka ta yi mulkin mallaka daga 1898 zuwa 1946, kuma har yau babu wasan da ya kai shi farin jini a Filifins. A Lituweniya kiransa suke addini na biyu.

Gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 ita ce ta buɗe ƙofa gaba ɗaya, lokacin da Amurka ta fara turo taurarin NBA, su Michael Jordan da Magic Johnson da Larry Bird. Abokan karawarsu har hoto suke neman ɗauka da su. Yaran da suka kalli wannan a talabijin su ne suka girma suka fara kayar da Amurka. Ajantina ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik ta 2004 ta ɗauki zinare. Jamus ta doke ta 113 da 111 a Kofin Duniya na 2023 ta kuma ɗauki kofin. Mu ma D'Tigers sun ci ta 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a Yulin 2021. Ga wanda ya fi ba ni mamaki: daga 2019 zuwa 2025, duk wanda aka zaɓa gwarzon kakar NBA a wajen Amurka aka haife shi. Giannis Antetokounmpo, haifaffen Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, sau biyu. Nikola Jokic ɗan Sabiya sau uku. Joel Embiid haifaffen Yawunde sau ɗaya. Shai Gilgeous-Alexander ɗan Kanada sau ɗaya.

To yaya masu kallo a waje suke ganin NBA? Kashi biyu ne. Matasa a Sin da Afirka da Filifins taurari suke bi, ba gari ba. Yaro ɗan LeBron ne ko ɗan Curry, in tauraron ya canza ƙungiya shi ma ya canza riga. Sin ta rungumi Houston Rockets ne saboda Yao Ming da aka zaɓa na farko a 2002. Kashi na biyu su ne tsofaffin masoya wasan a Turai, a Belgrade da Atina da Istanbul, inda ake cika zaure da ganguna da waƙa daga farko har ƙarshe kamar filin ƙwallon ƙafa. Waɗannan sun yarda gwanayen duniya suna NBA, amma suna ganin wasanni 82 na kaka sun yi yawa, ba a tsaro da gaske sai an zo zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma 'yan kallo sun fi mai da hankali kan ciye-ciye da abin da ake nunawa a allo. A matsayina na koci, in zan nuna wa yara yadda ake miƙa ƙwallo da tsayuwar tsaro, wasan Turai nake kunna musu. In kuma so nake su ƙaunaci wasan, sai in kunna NBA.

Mu nan muna da tamu igiyar. Hakeem Olajuwon a Legas aka haife shi, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando. Shi aka zaɓa na farko a 1984, gaban Michael Jordan, ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995. Abin da ya sa iyayen yarana suke sakin jiki in na ambace shi shi ne yana wasa da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, cikin Ramadan, shi aka ba gwarzon wata. Sai Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, a filayenta ya koyi wasan, ya je ya zama shugaban Toronto Raptors. Daren da suka ɗauki kofi a Yunin 2019 ba zan manta da shi ba. Ƙarfe biyun dare aka fara. Mu wajen goma sha biyar muka haɗa kuɗin man janareta, muka shimfiɗa tabarmi a soro, muka rage ƙara don kada mu tashi maƙwabta. Cikinmu akwai waɗanda ba su san dokar wasan ba, sun zo ne kawai don an ce ƙungiyar mutumin Zariya ce, kuma ga Pascal Siakam ɗan Kamaru a ciki. Aka busa tashi ba da jimawa ba muka ji kiran assalatu, daga nan masallaci muka wuce.

Wannan daren ya nuna maka abu biyu. Na farko, mutum yana kallon wasan da yake ganin nasa a ciki. Na biyu, agogo babban abokin gaba ne. Wasannin NBA a lokacinmu tsakanin ɗayan dare ne zuwa asuba. Firimiya kuwa da la'asar ko bayan magariba take zuwa mana, daidai lokacin da gidan kallo yake cika. Mai gidan kallo ba zai ƙona mai ƙarfe uku na dare don mutum biyar ba. Shi ya sa yawancin masoyan NBA a Afirka da Turai gajerun bidiyo suke gani a waya da safe. NBA ta gane haka, shi ya sa ta haɗa hannu da FIBA suka buɗe gasar kulob-kulob na Afirka mai suna BAL a Kigali a 2021, wadda Zamalek ta Masar ta fara ci. Kada kuma mu manta da 'yan matanmu na D'Tigress, da suka doke Ostireliya da Kanada a Olamfik ta Paris a 2024, suka zama ƙungiyar kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Abin da ke min ciwo kawai shi ne gwanayenmu da yawa rigar wata ƙasa suke sawa. Hakeem Amurka ya buga wa a 1996, Embiid ma haka a 2024.

Besbol: ƙasashe kaɗan, soyayya mai zurfi

A Turai da Afirka da yawancin Asiya, besbol wasa ne da ake gani a fim kawai, kuma hukuncin da ake yanke masa shi ne ya cika sanyin jiki. Dalilin na tarihi ne. A ƙasashe da yawa da Ingila ta yi mulki ta riga ta shuka kurket, wanda shi ma gora da ƙwallo ne, don haka gurbin a cike yake. Jamaika da Kyuba maƙwabta ne a teku ɗaya, amma ɗaya kurket take yi, ɗaya besbol.

Inda ya sauka kuwa, masu shi ba sa ma ɗaukarsa na Amurka. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya kai shi Jafan a 1872, suka raɗa masa suna da harshensu, yakyu. Gasar makarantun sakandare da ake yi a filin Koshien duk bazara ƙasar gaba ɗaya take kallo a talabijin. Yara suna sunkuya wa fili kafin su shiga, waɗanda aka fitar kuma su durƙusa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin a jaka su tafi da ita gida. A wasan manya kowane mai bugu da waƙarsa da 'yan kallo ke rera masa da kakaki. A Kyuba tun shekarun 1860 aka fara shi, masu mulkin mallaka na Sifaniya suka hana, sai ya zama alamar neman 'yanci. Duk tsamin dangantaka da Amurka bayan juyin juya halin 1959 bai sa sun bar shi ba. A Jamhuriyar Dominika yara da sandar tsintsiya da murfin jarkar ruwa suke koya, kamar yadda muka koyi tamaula da ƙwallon tsumma, kuma duk ƙungiyoyin MLB 30 suna da makarantar horo a can.

Su waɗannan ƙasashe kallon kishiya suke yi wa Amurka, ba kallon malami ba. A gasar duniya ta besbol da aka fara a 2006, cikin biyar na farko Jafan ta ci uku, Dominika ɗaya, Amurka ɗaya. A wasan ƙarshe na 2023 a Miami, Shohei Ohtani ne ya fitar da abokin wasansa na kulob, Mike Trout, da jifa na ƙarshe, Jafan ta ci 3 da 2. A ƙarshen shekarar Dodgers suka ba shi kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma. A Afirka kuwa sai 2017 aka samu haifaffen nahiyar na farko a MLB, Gift Ngoepe daga Afirka ta Kudu.

NFL a waje: ana kallo, ba a bugawa

NFL ta fi kowa kuɗi, kuma ta fi kowa wahalar fita. Ta kai wasa birnin Meziko a 2005, mutum sama da dubu 103 suka shiga. Tun 2007 take kai wasanni Landan, ta je Munich a 2022, Sao Paulo a 2024, Madrid da Dublin da Berlin a 2025. Filayen suna cika. Amma ka dubi 'yan kallon Wembley da kyau, za ka ga rigunan ƙungiyoyi kusan duka, ba na biyun da ke wasa kaɗai ba. Mutane sun zo ganin Amurka ne, da kiɗanta da wasan wutarta. Jamus da Meziko su ne suka fi riƙe shi da gaske. A Jamus sojojin Amurka da suka zauna bayan yaƙin duniya na biyu sun bar tasiri, kuma lokacin da aka rufe gasar NFL ta Turai a 2007, ƙungiyoyi biyar cikin shida na Jamus ne. A Meziko jami'o'i sun daɗe suna bugawa. Kanada tata gasar take yi da dokokinta, dama uku maimakon huɗu.

Abin da ya hana shi yin saiwa shi ne kishiyar abin da ya taimaki kwando. Ƙungiya ɗaya 'yan wasa 53 take ɗauka, kowanne da hular kwano da sulke, ga tarin masu horarwa, ga likitoci. Wace makarantar gwamnati ce a nan za ta iya? A Afirka dai abin da NFL take nema a yanzu 'yan wasa ne fiye da 'yan kallo. Tun zamanin Christian Okoye ɗan Inugu, da ya fi kowa cin yadi da gudu a 1989, suka san akwai ƙarfi a nan. Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl biyu da New York Giants, ya jagoranci sansanin zaɓen matasa a Gana a 2022 da Legas a 2024. Dabararsu ta gaba ita ce wani nau'i marar karo, inda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mutum maimakon a kayar da shi, kuma an sa shi a Olamfik ta Los Angeles ta 2028. Wannan kam yara za su iya yi a filin makaranta.

Kafin in rufe, akwai hajar Amurka da ta fi duk waɗannan shiga gidajenmu, ko da ba a lissafa ta cikin manyan huɗun: resilin. Yaron da bai san gwanin NFL Tom Brady ba ya san John Cena da Undertaker, duk da cewa shiri ne, an san wanda zai ci tun kafin a hau. Haka UFC, gasar faɗa mai haɗa dambe da kokawa, ta samu shiga a 2021, lokacin da Kamaru Usman da Israel Adesanya da Francis Ngannou suke riƙe da kambu uku a lokaci guda. Al'ummar da ta gaji dambe da kokawa ba ta buƙatar tafinta in ta ga mutum biyu a da'ira.

Ka riƙe maganata da sanin cewa ni mutumin kwando ne, zuciyata ta karkata can, kuma abin da na faɗa kan 'yan kallon Turai da Jafan ra'ayin galibi ne da na tsinta daga kallon wasanninsu da hira da 'yan'uwana masu horarwa. A kowace ƙasa za ka samu wanda ya saɓa. Ina da ɗalibi a nan da ke tashi tsakar dare saboda Kansas City Chiefs, ya haddace dokokin fiye da ni.

In kana son ka sake gwada Super Bowl, ƙanena, a watan Fabrairu ake yi, daren Lahadi, misalin sha biyu da rabi agogon Najeriya da Nijar. Kada ka bi ƙwallo da ido kamar yadda ka saba. Ka nemi layin nan ruwan ɗorawa da talabijin ke zanawa a fili, nan ne ƙungiyar take son kaiwa. Sai ka duba ƙasan allo, za ka ga lambobi biyu, na farko dama ta nawa ake ciki, na biyu yadi nawa ya rage. In ka ga dama ta uku kuma saura yadi takwas ko tara, to ka gyara zama, jifa mai nisa za a yi.